Ruwan da Na Ɗaure a Bayan Abhur

Mai jirgin da ya ɗauko mu daga Sawakin, a gaɓar Sudan, ya tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, ya nuna mana wani tudu da sandarsa, ya ce Jidda tana bayansa. Muka yi ta dirowa da ƙullin kaya a ka, ana kabbara, mata na guɗa. Ni har addu'a na tsaya na yi wa mutumin. Da muka hau tudun ba mu ga komai ba sai wani tudun, muka waiwaya muka tarar jirgi ya juya baya yana tafiyarsa. Ashe tsoron masu gadin gaɓa ya sa ya zubar da mu can kudu, inda ko tsuntsu ba ya sauka.

Sunana Audu, mutumin ƙasar Yawuri, ɗan gidan Sarkin Ruwa. Abin da ya fito da ni shi ne dam ɗin da aka yi a kogi, wanda ruwansa ya haɗiye ƙauyenmu da gonakinmu da sarautar mahaifina gaba ɗaya. Kafin nan, duk shekara mahaifina yakan ɗaure wani gurbi mai zurfi a ƙasan gari. Ɗaure ruwa shi ne a hana kowa jefa koma, wato taru, ko ƙugiya a wurin, don kifi ya hayayyafa, ayu kuma ta sami inda za ta yi renon ɗanta. Ayu ita ce dabbar nan ta ruwa mai jikin saniya ba ƙafa, mai shayar da nono. Kafin ranar ɗaurewa tsoho yakan yi ta yawo ƙauyukan gaɓa biyu da ƙullin goro, wajen Gungawa da Kambari da Nufawa, amma ni wannan yawon bai taɓa burge ni ba, zaman tsofaffi ne da dogon surutu. Ranar kafa gora nake so, ranar da zai shiga kwalekwale ya soka doguwar gora mai jan ƙyalle a bakin gurbin, ya ɗaga murya ya ce ruwa ya ɗauru. Daga ranar ba mai shiga. Kuma wanda ya ɗaure ruwa shi kaɗai ke kwance shi, ko sarkin gari bai isa ba.

To, ga ɗan Sarkin Ruwa a bakin ruwan da ya fi kowane girma, ƙishirwa na neman kashe shi. Muka bi gaɓa muka yi arewa. Leɓuna suka tsattsage, masu rauni suka fara zubar da kayansu a hanya. Wata Balarabiyar daji mai kiwon raƙuma ce ta cece mu. Ba ta jin maganarmu, ba ma jin tata, amma ta dube mu ta kama kuka, ta tatso nono a akushi ta yi ta zagayawa da shi har kowa ya sha. Ta raka mu bakin hanyar mota, ta tsaya tsakiyar hanya ta tare wata babbar motar gawayi, ta yi ta yi wa direban masifa har ya ɗauke mu. Haka na shiga Jidda a kan buhun gawayi, baƙi ƙirin, ina dariya ni kaɗai saboda murna.

A wajen unguwar Kurayyat na sami mutanenmu, cikin ɗakunan kwano da katakon akwati. Inna Zainaba ce ta karɓe ni, wata Bahaushiyar Sudan mai tuyar waina, wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba amma ta fi ni iya zagi da Hausa. Ta zuba min waina da miya, ta zauna tana kallona.

"Kana da iƙama?" ta tambaya.

"Mece ce iƙama, Inna?"

"Halas, ba ka da ita. Takardar zama ce. To saurara, ya waladi. Marar iƙama ba ya faɗa, ba ya raba faɗa, ba ya tsayawa inda jama'a suka taru. In askar, ƴan sandan nan, suka tambaye ka takarda, jirgi za su sa ka, ka koma inda ka fito. Ka yi zamanka kamar ba ka nan."

Na riƙe wannan magana. Na sauke farali a shekarar, na dawo na kama aikin kankare kifi a kasuwa. Kifin Bahar Maliya kuwa abin kallo ne, ja da kore da shuɗi, wani har da baki irin na aku, amma ni tarwaɗar gida nake mafarki. Kewar gida ta dame ni ƙwarai. Wata rana ina cikin aiki na ji wani yana kiran ɗansa da sunan mahaifina, sai da na juya wa mutane baya na share ido.

Usman ne ya fitar da ni daga kasuwar. Ɗan yayar Inna ne, haifaffen Jidda, magidanci mai gyaran injin jirgi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana rabinta Larabci ce. Ya ce wasu masu binciken teku sun ɗauki jirgi haya a Abhur, arewa da gari, suna neman wanda ya iya iyo da tuƙa huri, wato ƙaramin kwalekwalen nan nasu.

"Ka iya ruwa, ya Audu? Sahih?"

Na ce masa a ruwa aka yanke min cibiya. Ya ce yalla, gobe da safe.

Ban taɓa ganin taron ƙasashe a wuri ƙanƙani irin jirgin nan ba. Ga Bamisire, ga Basudane, ga Bajamushe, ga mutanen ƙasar su biyu, kowa da kwalabensa da igiyar awo. Babbansu wani dattijon Bature ne daga can ƙarshen arewacin duniya, dogo har sai ya sunkuya zai shiga ɗakin jirgi. Muka sa masa Dakta Dogo. Rana ta dafa shi ya yi jawur, fatar hancinsa kullum cikin saɓa take, amma ba ya zama inuwa.

Shi ya fara ba ni gilashin nutso. Na sa, na tura fuska cikin ruwa, na ɗago da ihu har na sha ruwan gishiri. Mu a kogi da hannu muke gani, ruwanmu launin kunu ne. Nan kuwa ga gari guda a ƙasa, duwatsun murjani masu rassa, kifaye na shiga da fita, kowa da hidimarsa. Ranar sai da Usman ya jawo ni da ƙafa kafin na yarda na fito. Na ce masa in dai wannan ne aikin, ko ba a biya ni ba zan yi. Ya ce in rufe bakina kada su ji.

Wata rana bayan cin abinci Dakta Dogo ya fito da hotuna. Ya yi shekaru yana aiki a tekun da ke ƙarshen kudancin duniya, inda ƙanƙara ke yawo a kan ruwa, wata ta fi unguwa girma. Ya nuna min wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye kamar alhazai cikin baƙar alkyabba, da wasu dabbobi masu kama da karen ruwa amma sun ninka shi ƙiba, da wani kifin da aka jawo kan jirgi mutane na yawo a bayansa. Usman yana fassara min. Ya ce jiragen ƙasashe da yawa sun yi ta kashe su don mai da fata, kowa na sauri kada wani ya riga shi, har wasu suka kusa ƙarewa. Tekun ba na kowa ba ne, saboda haka ba mai hana wani. Yanzu ƙasashen sun fara zama tare, ana ja ana saki, don a ware wuraren da za a ƙyale dabbobin su huta. Irin wannan yake so a yi a Bahar Maliya tun kafin ta lalace.

Na tashi tsaye har na zubar da shayi.

"Usman, gaya masa ɗaure ruwa ke nan! Gaya masa aikin gidanmu ne!"

Na ba su labarin gurbin mahaifina da gora da jan ƙyalle. Dakta Dogo ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi, ya kama hannuna ya girgiza. Tun da na bar gida ban ji ni mutum ne mai asali ba sai ranar.

Ba a daɗe ba muka gano wani lungun teku can arewa da Abhur. Murjani ya kewaye shi kamar katanga, ƙofarsa ƴar siririya ce, in ba ka san ta ba jirginka zai fashe. Da igiyar awo muka lalubo ta. Ciki ruwa ne kwance, ƙasansa cike da ciyawa. Ina tuƙa huri, Dakta Dogo na gaba, sai na ji wani huci a bayana wanda na sani tun ina yaro. Na waiwaya, ga hanci ya ɓullo, ga faffaɗan baya, ga wani ƙarami manne a gefe.

"Ayu!" na ce. "Wallahi ayu ce, da ɗanta!"

Wutsiyarta ta bambanta da ta tamu, amma ita ce. Larabawa amaryar teku suke ce mata. Dakta Dogo ya kusa kifar da mu don rawar jiki, ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba. Rabona da ayu tun kafin dam, ga shi na zo ƙarshen duniya ta zo ta gaishe ni.

Da muka koma jirgi suka yi ta magana. Usman ya ce za su rubuta rahoto, a kai wa hukuma, hukuma ta zauna da sauran ƙasashen gaɓar, in Allah ya yarda a hana kamun kifi a wurin. Na tambaya yaushe. Ya ce shekaru. Na ce a raina, shekaru? Abin da mahaifina ke gamawa kafin azahar? Ban gaya wa kowa ba. Na roƙi Inna wani tsohon jan zanenta, na samo doguwar gora a wajen masu gini. Ranar da za mu bar lungun na fita da huri da sassafe, na soka gorar a tsagin murjani daidai bakin ƙofa, na ɗaura ƙyallen, na ce ruwa ya ɗauru. Na dawo ina jin kaina kamar sabon hakimi.

Bayan ƴan kwanaki muka komo. Tun daga nesa na hango ƙyallena yana kaɗawa, na taɓa Usman ina nuna masa da alfahari. Sai na ga abin da ke bayan ƙyallen. Lungun ya cika da jiragen masunta, manya da ƙanana, taru ya ratsa ko'ina.

"Kai ka sa wannan?" in ji Usman.

"Ni ne. Ba su ga alama ba ne? Wane irin mutane ne marasa kunya?"

Ya dafe kai da hannu biyu. "Ya Audu, ya miskin! A nan sanda da jan ƙyalle ma'anarta ga ƙofa, bismilla, ku shigo lafiya. Wurin da ba wanda ya san hanyarsa, kai ka je ka buɗe musu!"

Sai ga ruwa ya fara tafasa a can tsakiya. Tarun wani ya kama abu mai nauyi, mutane na ja suna ihu. Na ga ƙaramin yana zagayawa yana ɓullo da hanci. Ayu numfashi take yi kamar mu, in taru ya danne ta a ƙasa, ta mutu ke nan, ɗan kuma ba zai kwana biyu ba. Maganar Inna ta faɗo min, ba faɗa, ba shiga taro. Na kuma san abin da yanka tarun wani yake nufi a wajen masunci, a garinmu har jini akan zubar a kansa. Duk na san wannan, amma kafin in gama tunani wuƙa tana bakina, ni kuma ina cikin ruwa.

Na same ta a ƙasa, igiya ta naɗe mata wutsiya da hannu ɗaya, tana juyi tana ƙara ɗaure kanta. Na yi ta yanka. Ta buge ni da wutsiya a haƙarƙari har na ga duhu, na ɓullo na shaƙi iska, na koma. Ƙirjina kamar zai fashe lokacin da igiyar ƙarshe ta tsinke. Ta yi sama da ƙarfi, na ji hucinta tun ina ƙasa, na bi ta na fito ina tari ina dariya. Ɗan ya manne mata suka yi cikin ciyawa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Hannuwa suka cafke ni suka jefa cikin wani jirgi, gaban wani tsoho ƙaƙƙarfa mai farin gemu, wanda ake kira Ammi Salim. Shi ne mai tarun, shi ne kuma babban masuntan yankin. Hayaniya ta jawo jirgin masu gadin gaɓa, tambayar farko da suka yi min kuwa ita ce iƙama. Dakta Dogo da Bamisiren suka yi roƙo har muryarsu ta dushe. Abin da suka samu kawai shi ne a bar ni a hannunsu har ranar da jirgin mayar da mutane zai tashi. Ammi Salim ya ce shi ba ruwansa da wannan, tarunsa yake so ya koma yadda yake.

Haka na zauna a rumfarsa a bakin teku ina ɗinkin taru. Kwanakin farko ko kallona ba ya yi. Daga baya ya zo ya duba ƙullina, ya ja, ya ga bai motsa ba, ya aika a kira Usman.

"Tambaye shi," ya ce, "mai hannu irin wannan ɗan masunta ne. Me ya sa ɗan masunta zai yanka tarun ɗan'uwansa saboda dabba?"

Na ba shi labari tun daga gurbin mahaifina har ƙasar ƙanƙara. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce su ma kakanninsa a tudu suna da irinsa, hima suke ce masa, kwari ne da ake hana kiwo a ciki har ciyawa ta yi iri. Sai ya tambaye ni, kafin mahaifina ya kafa gorar, wa yake gaya wa? Na buɗe baki zan amsa, sai yawon goron nan ya dawo min, zaman tsofaffin da nake gudu. Na ce kowa da kowa yake bi, ƙauye ƙauye.

"To kai wa ka gaya wa?"

"Ruwa," na ce.

Ya yi dariya har carbin ya faɗi. Ya ce sanda ba ta hana kowa komai, bakin mutane ne ke hanawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara masu jirage a rumfarsa, mutanen ƙasar da Yamalawa da Sudanawa, ga su Dakta Dogo a gefe sun naɗe ƙafa da ƙyar. Aka zagaya da gahawa da dabino. Ni kuma na kawo goron da Inna ta ba ni bayan ta gama zagina tas, na bi kowa na miƙa masa da hannu biyu. Wani Bayamale ya gatsa ya ɓata fuska, ya ce wannan hukunci ne ko kyauta? Aka yi ta gardama har la'asar. Wani ya ce in su sun bari wasu za su shiga. Wani ya ce yaransa ba ciyawar teku suke ci ba. Dakta Dogo ya bayyana cewa a cikin ciyawar nan ƙananan kifaye ke girma kafin su fito inda ake kama su, ya kuma ba da labarin tekun da aka kwashe har masu kwasar suka rasa abin yi. A ƙarshe Ammi Salim ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, aka shafa fatiha.

Washegari jirage suka raka ni bakin ƙofar. Aka cire jan ƙyalle aka sa baƙi, don kada wani ya sake ɗauka gayyata ce. Ammi Salim ya ce in yi yadda ake yi a garinmu. Na miƙe tsaye a cikin huri, na ɗaga murya irin ta mahaifina, da Hausa, a tsakiyar Bahar Maliya.

"Jama'a, ruwa ya ɗauru! Ba koma, ba ƙugiya, ba mashi! Ruwa ya ɗauru!"

Ba wanda ya ji abin da na ce sai Usman, amma duk suka amsa da kabbara. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, ko ranar aurena.

Ranar tafiya ta zo. Aka tara mu a tashar jirgi, mu marasa takarda, kowa da ƙullinsa. Inna ta kawo min waina a kwano, ta ce ai ta gaya min, sannan ta rufe fuska da mayafi. Dakta Dogo ya ba ni gilashin nutson nan. Ana shirin tura mu kan tsani sai ga Ammi Salim yana ratsa askar da sandarsa, Usman na biye da shi. Ya miƙa min ƙullin busasshen kifi.

"Jiya na wuce ta wajen," ya ce. "Gorarka tana nan, ba wanda ya shiga. Na ga amaryar ta fito, ɗan ya ƙara girma." Ya matso kusa da ni. "Amma mutane suna tambayata, yaushe za a buɗe? A garinku wa ke buɗewa?"

"Wanda ya ɗaure, ya Ammi. Shi kaɗai."

Ya dube ni, ya dubi jirgin da zai tafi da ni, ya dubi askar ɗin da ke riƙe da hannuna. Na ga gemunsa yana motsi, dariya yake dannewa.

"Tayyib," ya ce. "Zan gaya musu su jira ka dawo."

Yanzu na tsufa, gwiwoyina ko kwalekwale ba sa iya shiga. Ƴaƴana sun sha cewa za su biya min kujera in koma Umra, kullum ina ce musu na riga na sauke farali, su kai uwarsu. Suna tsammani tsoron jirgin sama nake yi. Ban koma Jidda ba, ban kuma kwance ruwan ba.